SAWAKIN, MASHIGIN ALHAZAN ƘASARMU A BAKIN BAHAR MALIYA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa domin tafiya, ya kuma hore teku domin ƙetarewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, an saba idan za a aza harsashin masallaci a ɗan waiwaya baya a ambaci magabata, domin waiwaye adon tafiya ne. A waɗannan shafuka mun ga ya kyautu mu kawo tarihin wani gari wanda ba ya cikin ƙasar Dutse, ba ya ma cikin Nijeriya, amma yana da rabo a cikin tarihinmu. Sunan garin Sawakin, a ƙasar Sudan, a bakin Bahar Maliya. Tsakaninmu da shi ya fi kilomita 3,000 ko da a miƙe aka auna. Duk da wannan nisa, shekaru aru-aru shi ne tashar jiragen ruwan talakan ƙasar Hausa mai niyyar Makka. A can ƙasa take ƙare masa, ya ga teku a karo na farko, ya shiga jirgi zuwa Jidda.

DUTSE DA HANYAR GABAS

Dutse Gadawur tsohon gari ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace shi tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452. An ce shi ne Sarkin Kano na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse, kuma a zamaninsa ne aka buɗe hanyoyin fatauci tsakanin Borno da Gwanja. Wannan ya nuna tun a wancan lokaci ƙasarmu tana tsakanin Kano da Borno, ayari na ratsa ta gabas da yamma. Har yau ma babbar hanyar mota da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri ta Wudil take bi, ta ratsa Shuwarin da Kiyawa, ta wuce Jama'are da Azare da Potiskum.

Da farko, masu zuwa Makka daga ƙasashenmu arewa suke yi. Su bi ayarin Sahara ta Agadas da Gat da Murzuk har Masar, sa'an nan su shiga babban ayarin alhazai na birnin Alƙahira. Wannan hanya ta masu hali ce, don kuwa sai da raƙuma da guzuri mai yawa. Amma da daulolin Musulunci suka kafu a Wadai da Darfur cikin ƙarni na 17, ga kuma daular Sinnar a bakin Kogin Nilu tun 1504, sai hanyar gabas ta buɗe. Mutum na iya tashi da ƙafa daga ƙasar Kano, ya bi ta Borno da Bagarmi da Wadai da Darfur da Kurdufan, yana kwana cikin garuruwan Musulmi, yana aiki yana ci, har ya kai Nilu. Wanda ba shi da ko jaki ma yana iya ɗaura niyya. Tafiya ce ta shekaru: a yi damina a wani gari a noma, in an yi girbi a ƙara gaba. Sau da yawa jaririn da aka goyo daga gida da ƙafarsa yake shiga Makka.

Daga Nilu hanya takan rabu. Wasu su bi ta Habasha zuwa tashar Masawwa, amma masu yawa sukan bi ta Shandi ko Barbar ko ƙasar Kasala, su keta duwatsun ƙabilar Beja, su gangara Sawakin.

ASALIN GARIN

Sawakin ɗan tsibiri ne kewayayye, wanda mutum ke iya zagayawa da ƙafa cikin ɗan lokaci kaɗan. Yana can ƙuryar wani lungu na teku, kuma ba a isa gare shi sai ta wata doguwar mashiga siririya tsakanin duwatsun murjani. Saboda haka jirgin da ya shiga ya tsira daga igiyar ruwa da iska, maƙiyi kuwa ba ya shigowa ba a gan shi ba. Abin da ya jawo 'yan kasuwa wurin ke nan.

Game da sunan, mutanen wurin suna da hikaya cewa a nan ne Annabi Sulaimanu, aminci ya tabbata a gare shi, ya tsare aljannu, wai daga kalmar Larabci mai ma'anar kurkuku sunan ya fito. Su kuwa Beja, masu ƙasar, da harshensu kasuwa kawai suke ce da garin. Malamin nan na Yaman, Alhamdani, ya ambaci Sawakin tun ƙarni na 10. Shahararren matafiyi Ibn Baɗuɗa ya sauka a tsibirin wajen shekara ta 1330, ya tarar mai mulkin wurin ɗa ne ga Sharifin Makka.

A wancan zamani babbar tashar wannan gaɓa ita ce Aizab, can arewa. Da Sarkin Masar Barsbai ya rushe Aizab a 1426, ciniki ya komo Sawakin, garin ya bunƙasa. Daga cikin ƙasa ana kawo ƙaro da hauren giwa da gashin jimina da fatu da dawa da man shanu, daga ƙetare kuma ana sauke tufafin Hindu da turare da kayan yaji. Akwai kuma mummunan ciniki na bayi, wanda ya daɗe yana gudana a wannan tasha. Lokacin da jiragen yaƙin Turawan Fotugal suka shigo Bahar Maliya a 1541, wani babban hafsansu ya rubuta bayanin Sawakin, har ya gwada yawan cinikinta da na Lisbon, babban birnin ƙasarsu.

ZAMANIN TURKAWA DA MISRAWA

Turkawan daular Usmaniyya sun ci Masar a 1517, ba a daɗe ba Sawakin ta shiga hannunsu. A 1555 suka kafa lardin da suka kira Habash, Sawakin na cikin manyan garuruwansa. Sun zaunar da hakimi da sojoji da ma'aikatan kwastan a tsibirin, su kuwa shugabannin Beja da Hadariba suna riƙe da unguwar da ke kan tudu, wadda ake kira Gaif. Attajiran garin haɗin gambiza ne: akwai mutanen Jidda, da na Hadaramaut, da Misrawa, da Indiyawa.

A 1865 Sarkin Istambul ya miƙa garin ga Isma'ila, mai mulkin Masar. Bayan shekara huɗu, watau 1869, aka buɗe mashigin Suwais, jiragen hayaƙi na Turai suka cika Bahar Maliya. Wannan shi ne lokacin da Sawakin ta kai ƙololuwar arzikinta. Aka gina sababbin gidaje, aka gina babban masaukin fatake na Shinnawi, aka kuma yi gadar ƙasa da ta haɗa tsibirin da tudu a zamanin da Baturen nan Godon yake gwamnan Sudan.

Sai yaƙin Mahadi ya ɓarke a 1881. Daga 1883 Usman Digna, wanda shi kansa ɗan kasuwar Sawakin ne, ya tara ƙabilun Beja ƙarƙashin tutar Mahadi, ya hana garin sakat shekara da shekaru. Bai sami shiga ba, domin sojojin Masar da na Ingila sun kewaye shi da ganuwa da sansanoni, Kicina kuwa ya yi gwamna a nan daga 1886 zuwa 1888. Amma hanyoyin ayari sun mutu, ciniki ya tsaya. A daidai wannan lokaci Rabe ya ci Borno a 1893, sai ya zama hanyar gabas ta toshe daga kai har gindi. Ba ta sake buɗewa sosai ba sai bayan faɗuwar daular Mahadi a 1898 da mutuwar Rabe a 1900.

GINE-GINE DA MASALLATAI

Abin da ya fi ba baƙo mamaki a Sawakin shi ne gininta. Babu dutsen gini a tsibirin, saboda haka daga cikin teku ake saro murjani, a sassaƙe shi kamar tubali, a jera, a riƙa ratsa katako a cikin bango domin ya ɗaure shi, sa'an nan a shafe da farar ƙasa. Gidajen benaye ne masu hawa biyu ko uku, farare fat, kamar na tsohuwar Jidda. A jikinsu akwai tagogi na katako masu turowa waje, an yi musu sassaƙa mai kyau, ana kiransu rawashin. Iskar teku na shiga ta cikinsu, matan gida suna ganin waje ba a ganinsu. Ruwan sha kuwa daga rijiyoyin Shata da ke kan tudu ake ɗebo shi a salka.

A kan tsibirin akwai manyan masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, ko wanne da hasumiyarsa. Turkawa masu mulki mazhabar Hanafiyya suke bi, yawancin attajiran da suka fito daga Hadaramaut da Hijaz kuwa Shafi'iyya, ga kuma mutanen Sudan da na ƙasashenmu 'yan Malikiyya. Duk suka zauna gari ɗaya, alƙibla ɗaya. A kan tudu ma akwai waɗansu masallatan, kamar na Majidi da na Shinnawi da na Tajussirri.

MUTANENMU A BAKIN TEKU

Larabawan wannan yanki suna kiran duk mai zuwa daga yamma Takruri, jam'insa Takarir. Daga nan ne muka sami kalmar takari. Wani matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Burkat ya bi ayari daga Shandi zuwa Sawakin a 1814 tare da waɗansu daga cikin irin waɗannan mutane, ya kuma rubuta yadda suke tafiya da ƙafa da ɗan guzurinsu, da yawansu masu karatu ne, suna rubutun sha da laya suna samun abinci. Ashe tun kafin Turawa su san hanyar Kano, mutanen yamma sun saba da Sawakin.

Babban kwararowar jama'a kuwa ta zo ne bayan zuwan Turawa. Da aka ci Sakkwato cikin watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, ya ratsa kudancin ƙasar Kano, jama'a na barin gonakinsu suna bin sa. Ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli 1903. Waɗanda suka tsira suka ci gaba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna da jama'arsa a bakin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yanzu ake kira Mai Wurno. Alfa Hashimu, babban malamin Tijjaniyya, ya kai har Madina ya zauna a can. Tun daga sa'an nan hanya ba ta huta ba.

Abubuwa biyu suka ƙara mata jama'a. Na farko jirgin ƙasa: an haɗa Atbara da bakin teku a 1906, dogo kuma ya isa Al'ubayyid a 1912, sai ya zama wanda ya kai Kurdufan da kuɗi a hannu ya huta da tafiyar ƙasa. Na biyu aikin auduga: an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin Jazira, ga kuma na Tokar kusa da Sawakin, da na Gash. Maniyyaci yakan tsaya ya yi tsinkar auduga shekara ɗaya ko biyu ya tara kuɗin jirgi. Wasu sun tara sun wuce. Wasu kuwa aure da 'ya'ya da bashi suka riƙe su, suka tsufa a can da niyyarsu a zuci, jikokinsu na nan a Gadarif da Kasala da Damazin da Bur Sudan suna jin Hausa. Naman da ake gasawa da ƙuli da yaji a kasuwannin Sudan har yanzu sunansa agashe, kowa kuwa ya san bakin da ya raɗa masa wannan suna.

Wanda ya iso Sawakin ba a cikin benayen murjani yake sauka ba. Masaukinsa bukkoki ne a kan tudu, wurin 'yan'uwa da suka riga shi zuwa. A nan zai yi dako a bakin jirgi, ko ga-ruwa, ko wanki, ko yankan farce, ko ɗinkin hula, mata kuma su yi abincin sayarwa, har kuɗi su cika. Gwamnatin Turawa ta kafa wurin killace alhazai domin tsoron annoba, ta kuma sa dokar fasfo da allurar rigakafi da biyan kuɗin zuwa da komowa tun kafin a shiga jirgi. Waɗanda ba su da halin wannan sukan saci hanya, su shiga ƙananan jiragen iska da ake kira sambuk da dare, a sauke su a wani lungu na gaɓar Hijaz nesa da Jidda. Tsakanin gaɓa da gaɓa kimanin kilomita 300 ne, amma Allah kaɗai ya san yawan waɗanda suka halaka a ciki, ko ƙishirwa ta kashe su bayan an sauke su, ko miyagu suka sace 'ya'yansu suka sayar. Allah ya karɓi niyyarsu.

Sarakuna da attajirai suna da wata hanyar. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Amma ga talaka, sauƙi bai zo ba sai da mota ta shigo. A 1948 waɗansu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da motoci ta Maiduguri da Fallomi, watau Njamena ta yanzu, da Abashe, har a kai ga jirgin ƙasan Sudan. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Bayan wannan jirgin sama ya karɓe aikin, a 1975 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Alhazai ta Nijeriya. Tun 2014 da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse, maniyyacin Jigawa na iya yin sallar asuba a gida, kafin magariba yana ƙasa mai tsarki.

YADDA GARIN YA ZUBE

Mashigar nan siririya da ta ɗaukaka Sawakin ita ce kuma ta kayar da ita. Jiragen hayaƙi sun yi ta ƙara girma, murjani kuma yana ta tsiro yana ƙuntata hanya, har ya zama babban jirgi ba ya iya shiga ya juya. Sai Turawa suka zaɓi wani wuri mai zurfin ruwa, kimanin kilomita 60 arewa, inda kabarin wani waliyyi Shaihu Bargut yake. Suka fara gini a 1905, aka buɗe sabuwar tashar a 1909, aka sa mata suna Bur Sudan. Kwastan ta tashi, bankuna da kamfanoni suka bi ta, zuwa shekarun 1920 attajirai sun kulle gidajensu sun ƙaura. Jigilar alhazai kaɗai aka bar wa Sawakin.

A nan ne mai karatu ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Ba a ci Sawakin da yaƙi ba, wuta ba ta cinye ta ba. Ginin murjani kamar ginin ƙasarmu yake: yadda soro ke bukatar yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a toshe tsaga, haka shi ma yake bukatar a sabunta masa shafe a kai a kai. Da masu gida suka tafi, ba mai yin wannan. Raɓa da gishirin teku suka ci shafen, suka shiga cikin dutsen, katakon da ya ɗaure bango ya ruɓe. Magada sun yi yawa sun kuma warwatse, kowa na jiran wani ya fitar da kuɗin gyara. Wani malamin zane na Hartum mai suna Girinlo ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, aka buga littafinsa a 1976, kuma yawancin abin da ya zana yanzu tarin duwatsu ne. Garin da Usman Digna ya kasa shiga da mayaƙansa, sakaci ya gama da shi cikin shekarun rayuwar mutum ɗaya.

Masallatan nan biyu na tsibiri su ma sun ji jiki ƙwarai, amma hasumiyoyinsu sun daɗe a tsaye a tsakiyar kufai.  Hukumar taimakon ƙasashen waje ta Turkiyya ta ɗauki gyaransu tare da tsohon ginin kwastan daga 2011, kuma cikin watan Disamba na 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci tsibirin tare da Umar Albashir, shugaban Sudan na lokacin. Tashar kanta ta farfaɗo tun 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, sa'ad da aka buɗe sabon wurin tsayawar jirage mai sunan Usman Digna domin fasinjoji da dabbobi masu zuwa Jidda. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya sake jefa ƙasar cikin wahala, har ɗalibanmu da yawa da ke karatu a can sai ta Bur Sudan da Masar aka kwaso su. Allah ya kawo musu zaman lafiya.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ya ku jama'a da masu ba da gudummawa, abu biyu muke roƙo a riƙe daga wannan tarihi.

Na farko, kakanninmu ba su kai Sawakin da ƙarfin aljihunsu ba. A ko wane zango, tun daga Borno har bakin teku, masallacin waɗansu mutane ne ya ba su inuwa, randar waɗansu ce ta shayar da su, waɗanda ba su san su ba, ba su kuma jin harshensu. Bashi ne a kanmu. Dutse yau babban birnin jiha ne tun 27 ga Agusta 1991, ga jami'ar tarayya tun 2011, ga babbar hanya tana kawo baƙi dare da rana. Ya kamata tun a tsarin ginin nan a yi tanadin matafiyi: wadataccen ruwa, da wurin alwala da kewaye masu tsabta, da rumfar da baƙo zai huta.

Na biyu, ranar aza harsashi rana ce ta farin ciki, hannu yakan saki, amma gini yana da bukata bayan an tashi daga taro. Rufi zai yi yoyo wata rana, famfo zai lalace, tabarmi za su tsufa, liman da ladan da mai shara suna da iyali. Saboda haka muna kira ga kwamiti da ya ware asusun gyara dabam da na gini, a rubuta shiga da fita, a riƙa karanta wa jama'a. Wanda Allah ya hore masa, ya duba yiwuwar yin waƙafi na shago ko gona ko 'yan itatuwan dabino, abin da zai riƙa kawo wani abu ko wace shekara. Takardun fili kuma a yi su da sunan jama'a, a adana su, don kada magada su sami abin jayayya a bayanmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar da aka ɗora ma tana son a riƙa sabunta mata shuci.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama a hanyar gabas, na tudu da na cikin teku, waɗanda aka san kaburburansu da waɗanda ba a sani ba. Ya saka wa mutanen da suka sauke su da alheri. Ya sa albarka a dukiyar duk wanda ya sa hannu a wannan aiki, komai ƙanƙantar abin da ya bayar, ya nuna mana ranar buɗewa lafiya, ya kuma ba 'ya'yanmu da jikokinmu ikon riƙe shi. Amin.